Bayan Arba'in, Wa Ke Ciyar Da Mai Jego?

Iyayena maza da mata, da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda a bisa al'ada ba ta yara ba ce. Na san za a ce, me ya haɗa ɗan makaranta da zancen jego? To, abin da ya haɗa mu shi ne, mu ake aika cefane, mu ke riƙe jariri in uwarsa ta shiga wanka, kuma kowannenmu da nonon nan ya tashi. Maganata kuwa ɗaya ce. A Fagge mun iya ciyar da mai jego kwana arba'in, amma shayarwa takan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu. Sauran watannin nan, wa ke duba kwanonta?

Bari in fara da yabo, domin a nan al'adarmu ta cancanci yabo. Ranar da mace ta sauka, gida kan tashi tsaye. A ɗora tukunyar wanka da asuba da la'asar, a dama kunu, a daka yaji da citta da kanumfari da masoro da kimba, maigida ya kawo ƙauri, a gasa mata nama, a hana ta surfe da wanki da ɗaukar ruwa. In haihuwar fari ce ma a kai ta gidansu wankan gida, uwarta ko gwaggonta ta zauna a kanta, tana cewa ci, ƙara ci. Kakanninmu ba su san sunan bitamin ko ɗaya ba, amma sun gane cewa wadda ta zubar da jini, ta kuma ɗauki aikin shayarwa, tana bukatar nama da ɗumi da hutu.

Da ka tsallaka zuwa Sabon Gari sai ka tarar da irin wannan hikima da wani harshe. An kafa unguwar nan wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yau kuwa ƙaramar hukumarmu ɗaya da su. Maƙwabtanmu Ibo suna da al'adar da suke kira omugwo, watau uwar mai jego ta taso takanas daga ƙasarsu, ta zo ta zauna da 'yarta wata guda ko fiye, tana gasa mata jiki da ruwan zafi, tana dafa mata farfesun doya da busasshen kifi. Abin da ya ba ni sha'awa, kayan yajin da suke zubawa, waɗanda suke kira uda da uziza, su ne kimba da masoro namu. Ashe tukunyar mai jego kusan ɗaya ce ko da wane yare ake hura mata wuta.

Amma fa ranar da aka cika arba'in, aka kife tukunyar wanka, mai jego ta yi kitso da lalle ta fita yawon arba'in, sai kowa ya ɗauka an gama. Washegari ta koma sahun kowa. A gidaje da yawa ma ta koma ƙarshen sahu, gama ita ce mai rabon tuwo, mai rabo kuwa ita ke ci a ƙarshe. A zuba na maigida da 'yar tsokar da ke cikin miyar, a zuba na yara, a zuba na almajiri, ita kuma ta kankare tukunya. Alhali kuwa jaririn da ke bayanta, a wata na uku ya fi tsotso nesa ba kusa ba bisa ga lokacin da yake ɗan kwana bakwai. Watau daidai lokacin da aikin ya yi nauyi, a lokacin aka janye abincin.

Mu dubi lissafin, tun da dai mu 'yan makaranta ne. Masana sun auna, mace mai shayar da jaririn da bai kai wata shida ba takan fitar da nono wajen mililita 750 zuwa 800 kowace rana, watau fiye da cikin kwalbar lemo biyu. Kafin jikinta ya haɗa wannan, yana bukatar ƙarin abinci mai ba da ƙarfi kimanin kalori 500 a kan abin da ta saba ci, ƙarin da ya ma ɗara na mai ciki. Kalori 500 ba wani abin tsoro ba ne. Giram 100 na soyayyar gyaɗa, kamar cikin tafin hannu uku, ya wuce haka. Ko kuwa babban kofin kunun gyaɗa da 'yan ƙosai. Ci ɗaya ne za a ƙara a kan na kullum. Amma a ƙara shi kowace rana, kwana ɗari biyar ko ɗari bakwai a jere, nan gizo ke saƙa.

Wani zai ce, ai ga wance can, ba ta cin kome sai tuwo da miyar kuka, ɗanta kuwa ɓul-ɓul. Gaskiya ne, kuma a nan abin yake da ban tausayi. Allah ya halicci jikin uwa da fifita ɗa a kan kanta. Abubuwan da ke cikin nono iri biyu ne. Akwai waɗanda jiki zai zuba su a nono ko uwa ta ci ko ba ta ci ba, kamar kalsiyam mai gina ƙashi, da folet mai taimakon gina jini, da abin gina tsoka. In babu su a kwanonta, jiki sai ya shiga rumbunta ya ɗebo, ɗa na ƙiba uwa na zubewa. Ita ce za ka ga wuya ya zurma, ido ya faɗa, jiri na ɗibarta in ta miƙe, a ce wai jego ne bai karɓe ta ba. Sa'an nan akwai iri na biyu, waɗanda in sun yi ƙaranci a abincin uwa tilas su yi ƙaranci a nono: bitamin A, da wasu daga dangin bitamin B kamar B1 da B2 da B12, da aidin, da saleniyam. Bitamin A shi ke tsare ido, yana kuma taimakon jiki yaƙi da cuta. Aidin shi ke hana maƙoƙo, kuma ƙwaƙwalwar jariri ba ta ginuwa sosai sai da shi. B12 kuwa ba a samunsa a hatsi ko ganye, sai a nama da kifi da ƙwai da nonon shanu. Saboda haka yaron nan ɓul-ɓul yana iya rasa wani abin da ido ba ya gani, uwarsa kuma tana biyan bashin sauran da jikinta.

Ga kuma zancen jini. Nono ba ya jan sinadarin ƙarfe da yawa daga jikin uwa, amma ita ta fito daga wata tara na ciki da zubar jinin haihuwa, sai an mayar mata da abin da ta rasa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Fiye da rabi ke nan. In mace ta shiga shayarwa da wannan rami, ba a cike shi ba, aka kuma yi kwanika, to, ciki na gaba a kan rami zai zauna. Hausawa suka ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, mu kuwa muna so ta yi ta ja, cikin babu kome.

Yanzu bari in taɓo inda ake faɗa, watau kunun kanwa. Kanwa tsohuwar baƙuwa ce a Fagge. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake lissafa unguwar nan zangon fatake, inda ayarin raƙuma ke sauke gishiri da kanwa, don haka ba abin mamaki ba ne da ta shiga tukunyarmu ta zauna daram. Tsofaffi suna cewa tana kawo ruwan nono, tana wanke ciki, tana korar sanyi. Likitoci kuwa sun daɗe suna harararta, kuma da dalilinsu. A 1978 wasu likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka buga rahoton mata 224 da suka gani cikin shekara uku, waɗanda zuciyarsu ta gaza a lokacin jego. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ba sa iya barci sai a jingine. Kusan dukansu Hausawa ne da Fulani, kuma aka ƙiyasta cewa a Zariya abin yana samun mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Likitocin suka ɗora laifin a kan kanwa da zafi. Suka ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi kuwa suna ƙara wa zuciya aiki. Shekara da shekaru wannan bayani aka yi ta koyarwa.

Daga baya aka sake duba maganar a nan Kano. Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi da abokan aikinsa, suka tattara bayanin mata 406 masu wannan ciwo daga asibitoci a sassan Nijeriya, suka buga sakamakon a 2020. Suka tarar ciwon yana nan bai tafi ba, a Arewa maso Yamma yana kama mace ɗaya cikin 96 da suka haihu. Amma da suka gwada marasa lafiyar da masu jego lafiyayyu, ba su ga kunun kanwa ko wankan jego sun bambanta su ba. Abin da ya bambanta su shi ne rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatu, da rashin sana'a. Tun a 2015 kuma wani binciken da Farfesan ya jagoranta a Kano ya nuna cewa mafi yawan masu ciwon suna da ƙarancin saleniyam ƙwarai a jininsu, saleniyam ɗin nan da ake samu a kifi da ƙwai da nama.

Kada fa wata ta ji haka ta ce an wanke kanwa, ta cika ludayi. Kanwa ba abinci ba ce, babu abin gina jiki ko ɗaya cikinta. Abin da ke amfanar mai jego a kunun kanwa shi ne geron da ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau cikin ƙaramin cokalin shayi, mu kuwa ga gishirin miya, ga dunƙulen magi, ga yajin jego da aka daka da su biyun, sa'an nan a ɗora kanwa a kai safe da yamma. Wadda ta yi fama da hawan jini ko kumburi tana da ciki, lalle ta nisance ta. Bugu da ƙari, kanwa da yawa a girki tana kashe bitamin B1 da C da ke cikin hatsi da ganye. Ra'ayina shi ne a rage ta zuwa ɗan abin da zai ba kunu launi da ƙamshi, a cike gurbin da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko madara ko kindirmo. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daga binciken Kano shi ne kalmar nan, rama. Mun shekara fiye da arba'in ana gardama tsakanin likita da ungozoma a kan abin da ake zubawa a kunu, ashe babbar ɓarnar tana can a kwanon da ba a cika ba. Ko ma dai yaya ne, mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko take haki in ta ɗan yi tafiya, ko tari ke tashinta da dare, a kai ta asibiti a ranar. Kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta.

To, me za a cika kwanon da shi? Na san halin da ake ciki, na san nama da kaza sun fi ƙarfin gidaje da yawa, ba kuwa zan zo in ce a yanka wa mai jego zakara kowace safiya ba. Amma mu mutanen Fagge ba mu da uzurin nisa. Kasuwar Sabon Gari da 'Yankura suna bakin ƙofarmu, da ƙafa ake zuwa. Abin takaici, hanyar Kantin Kwari muka fi sani in an yi haihuwa. A je a ɗinko ankon suna, a sayo turmin fitar suna, mai jego ta canza kaya sau uku ranar buki, bayan wata biyu kuwa a rasa kuɗin ƙwai. Kuɗin turmi ɗaya na atamfa mai tsada, in aka juya shi wake da gyaɗa da busasshen kifi, zai riƙe mace makonni.

Wake shi ne naman talaka, kuma mun iya sarrafa shi fiye da kowa: ƙosai, alala, ɗanwake, faten wake, garau-garau. In aka haɗa shi da hatsi a ci ɗaya, abin da wannan ya rasa wancan ya cike, har su kusa kamo nama wajen gina jiki. Awara ta waken suya haka take. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da riɗi suna ba da mai da ƙarfi, sai dai a tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da wadda ta yi funfuna a zubar, domin dafin da ke cikinta yana iya ratsawa har cikin nono. Zogale da rama da alayyafo da lalo, kada a raina su don araha, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi biredi da shayi amfani ga mai shayarwa. Ita kanta miyar kukar da nake ta ambata ba laifi gare ta ba, laifin shi ne a kaɗa ta tsurarta ba wake ba kifi, a kuma maimaita ta dare bakwai a mako. Hanta ko sau ɗaya a mako, ƙwai ɗaya in hali ya yi, fura da nono mai tsabta da rana. Gwanda da mangwaro da karas da kabewa da manja su ne rumbun bitamin A, amma in aka soya manja har ya yi fari, an ƙone amfanin. Gishiri kuwa a sayi na leda mai aidin, wanda doka ta tilasta a ƙasar nan tun 1993, a rufe shi kada ya sha iska da rana.

A nan ina ganin akwai abin da za mu koya daga Sabon Gari. Miyar mutanen kudu ba ta rabuwa da ganye da ɗan abin ruwa. Ko ba nama, za a daka busasshen jatan lande ko ƙananan kifi a watsa, a zuba ganyen ugu da agushi. Ƙananan kifin nan da ake ci har da ƙayarsu suna ba da kalsiyam da saleniyam da B12 gaba ɗaya, kuma ana sayar da su a gwangwani, daidai aljihun mai ƙaramin ƙarfi. Wasu matanmu sun riga sun gane ugu, har suna matse ruwansa saboda ƙarin jini. Su ma maƙwabtan namu sun karɓi kunun gyaɗa da fura da gero daga wurinmu. Ba a rasa mutunci don an leƙa tukunyar maƙwabci. Abu ɗaya dai, wani sashe na ganyen da ake kawowa kasuwannin nan ana noma shi ne a gefen Jakara, da ruwan da ya bi ta kwatamin gari, saboda haka a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, wanda za a iya dafawa kuma a dafa.

A wasu gidaje akan hana mai jego lemon zaƙi da kankana da gwaiba, wai suna da sanyi. Wannan hani asara ce tsantsa. Bitamin C da ke cikin lemo da gwaiba da tumatir shi ke taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Mace ta ci faten wake ta sha lemo ɗaya a kai, ta fi wadda ta ci kwano ɗaya da rabi ba lemo samun jini.

Sai abin sha. Kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, shi ya sa mai shayarwa kan ji ƙishirwa da zarar yaro ya kama. A ajiye mata ruwa mai tsabta kusa da inda take zama, ta sha duk sa'ad da ta ji ƙishi, musamman a watannin Maris da Afrilu da Mayu da Kano kan zama kamar tanda. In fitsarinta ya yi ja, ruwan bai isa ba. Amma ɗura mata ruwa fiye da ƙishinta ba ya ƙara nono ko ɗigo. Shayi kuwa, wanda ya zama sarkin karin kumallo a birni, yana da wani hali: ganyensa yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe in aka sha shi tare da abinci. Mai ƙarancin jini ta raba su, ta ci abinci, bayan awa guda ko biyu ta sha shayinta. Goro da kofi da shayi mai ƙarfi suna ɗauke da abin da ke hana barci, kaɗan daga ciki yana shiga nono, in ya yi yawa sai a kwana ana jijjiga yaro ana neman maye a unguwa. Lemon kwalba da abin shan nan na malt da 'yan barka ke jibgewa katan-katan, yawancinsu sukari ne da ruwa. Suna cika ciki su kashe yunwa, ba su bar wa jiki abin kirki ba. Kunun gyaɗa ko kunun tsamiya ko zoɓo marar sukari da yawa sun fi su, kuma sun fi su araha.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da iyaye na Sabon Gari waɗanda addininsu bai hana su giya ba, akwai tsohuwar magana a wasu garuruwan kudu cewa bammi ko baƙar giya suna kawo nono. An gwada wannan a Amurka a 1991, aka tarar jarirai sun sha nono ƙasa da yadda suka saba da kusan kashi ɗaya cikin biyar a sa'o'in da suka biyo bayan uwa ta sha giya. Ita giyar kuma tana shiga nonon. Haka nan jiƙe-jiƙe da garin maganin da ake talla a mota da lasifika, wai na ƙara nono, wanda ba a san abin da aka zuba ciki ba. Duk abin da uwa ta haɗiya, ta tuna su biyu ne, ko maganin asibiti ne ta gaya wa likita tana shayarwa.

Abin da ke kawo ruwan nono na haƙiƙa shi ne tsotson yaro. Gwargwadon yadda ya tsotsa, dare da rana, gwargwadon yadda jiki zai ƙera. Shi ya sa zubar da dakashi, watau nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, a jira kwana uku ana ba jariri ruwa ko madara, yake ɓarna biyu: an hana shi rigakafinsa na farko, an kuma jinkirta zuwan nonon. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga ciki na ji shi da kunnena ba sau ɗaya ba: uwa ta ce nononta ba ya isa, alhali yunwa da gajiya ne ke damunta. Sai maigida ya ruga kanti ya sayo madarar gwangwani, wadda kuɗin gwangwani ɗaya zai ciyar da uwar kwana da kwanaki. Rigimar madarar gwangwani a ƙasashe matalauta ta yi zafi har Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallanta a 1981, saboda yaran da gudawa ta kashe ta hanyar bulumboti da ruwa marar tsabta. Ciyar da uwa ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma mutum biyu ake ciyarwa da kwano ɗaya.

Wa ke da alhakin wannan? Ba sai na yi dogon wa'azi ba, malamanmu sun fi ni sani. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ita ce kuma ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban yaro, gwargwadon ƙarfinsa. Ba a ce kwana arba'in ba. Iyayena maza, ina roƙonku da girman Allah, ku gafarce ni in na yi tsaurin ido. Mutum ya tsaya wurin mai shayi da safe a soya masa ƙwai biyu, da yamma ya biya wurin mai tsire a bakin titi, ya goge baki ya shiga gida, matarsa mai goyo kuwa tun safe kunu ne a cikinta, wannan bai yi kama da abin da ayar ta ce ba. Rabin tsiren nan a ƙunshe shi a kai gida. Haka in azumi ya zo, shari'a ta yi wa mai shayarwa sauƙi in ta ji tsoron cutuwa a kanta ko a kan ɗanta, a tambayi malamai yadda hukuncin yake, kada a bar ta da kunyar tambaya. Wadda ta ga za ta iya, a tabbata ta yi sahur na kirki, ta kuma sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba.

Kunyar nan ita ce babbar katanga. 'Yar Hausa ba za ta buɗe baki ta ce wa miji ko uwar miji ba ta ƙoshi ba, kada a ce mata acici, balle amarya mai haihuwar fari da ke zaune a tsakiyar dangin miji. Tun da ba za ta roƙa ba, sai a ba ta ba tare da ta roƙa ba. A cire nata kwanon tun kafin a fara rabo, da tsokarsa a ciki. Iyayenmu mata masu zuwa barka, sabulu da omo da kayan jarirai sun yi yawa a ranar suna, har a rasa inda za a zuba su. Wata ta riƙe nata barkar sai yaro ya kai wata huɗu, lokacin da baƙi sun ɗauke ƙafa, ta zo da mudun wake ko kwalbar man gyaɗa ko ƙullin kifi.

Mu kuma ɗalibai, maza da mata, da yawanmu akwai mai goyo a gidajenmu, uwa ko yaya ko matar yaya. Mu ake miƙa wa kuɗin cefane. In an aike ka 'Yankura ko Sabon Gari, canjin da ya rage wanda ka saba sayen alawa ko katin waya da shi, ya isa ƙullin zogale ko lemo biyu ko ƙwai ɗaya. Ka nemi izini a gida, ka sayo, ka miƙa mata a hannunta, kada ka ajiye a tsakar gida inda ƙanne za su rigaye ta. In ka dawo daga makaranta kuma ka karɓi yaron minti goma, domin ta samu ta zauna ta ci da hannu biyu tun abincin bai huce ba.